Shaho a Bisa Shaton Madawa

Madawa, ranar Lahadi, cikin watan Disamba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da Kaka, da ƙannena duka. Yaya ƙafar Kaka da wannan sanyi? Ni lafiyata lau. Gwaggo Ramatu da maigidanta suna gaishe ku.

Baba, ka yi haƙuri da abin da ya faru ranar da ka hau tudu inda ake samun layi ka kira talho. Ina jin muryarka sarai. Gwaggo ce ta buɗe maganar kowa yana ji, matan gidan suka zuba mini ido, sai bakina ya ƙi buɗewa. Gwaggo ta ce, "Ke wace irin ɗiya ce? Ubanki ya hau tudu don ya ji numfashinki?" Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda ka iya karatun Hausa na makarantar manya. Ɗanasabe direba ya ce zai riƙa kai muku takarda duk ranar da ya bi ta Buza zuwa Tamaske.

Lakwal, makarantarmu, tana nan. Siziyam, ajin farko na sakandare, ba kamar ajinmu na gida ba ce. Muna da yawa, kowane darasi da mushensa, wato malaminsa, kuma suna Faransanci da sauri. Idan an rubuta a allo ina ganewa. Idan aka ce in tashi in amsa sai in rasa ta cewa. 'Yan ajinmu Bebiya suke kirana. Ban yi ƙawa ba tukuna. Amma ina so in zauna, Baba. Ina son lissafi ƙwarai, kuma mushen lissafi ya ce kayena, littafin da nake rubutu a ciki, ya fi na kowa tsabta.

Akwai abin da na gani da nake so in ba ka labari. A hanyarmu ta lakwal akwai shato, wato babban tankin ruwan gari, yana tsaye a bisa dogon gini na siminti. A ƙarƙashin tankin akwai wani ɗan dakali da ya zagaye shi. Wata safiya ina wucewa sai na ga gashin tsuntsu yana saukowa a hankali, har wani ya maƙale a hijabina. Na ɗaga kai. Wani tsuntsu ne a bisa dakalin yana figar kurciya. Bayansa toka-toka mai duhu, ƙirjinsa fari da ƙananan zane, ƙarƙashin idonsa baƙi kamar kwalli ya zubo masa.

Mai gadin wurin wani dattijo ne, Tsoho ake ce masa. Ya gan ni tsaye, ya ce, "Shaho ne, ɗiyata. Kada ki haɗa shi da shirwa, ita ɓarauniyar mahauta ce. Wanga ba ya cin abin da bai kama da kanshi ba." Ya ce su biyu ne, bana suka zo. Babbar ita ce macen. Ni da na ɗauka babban shi ne namiji.

Yanzu kullum ina fita da wuri don in ɗan tsaya. Da yamma ma haka.

Ka gaida Inna, ka ce mata zanen da ta ba ni shi nake rufa da shi.

Ɗiyarka,
Fiddausiya

*

Gidan Manzo, ranar Jumma'a

Fiddausiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta da kaina. Muna lafiya. Ƙafar kakarki tana nan yadda kika bar ta. Innarki tana gaishe ki. Mun gama dashen albasa, ruwan rijiyar garka bai ja ƙasa ba bana, alhamdu lillahi.

Maganar baki, ki daure. Gwaggonki faɗa gare ta amma ba ta da mugun ciki. Tare muka tashi, na san ta. Ki riƙa taya ta aiki ba sai ta ce ba.

Na ba Ɗanasabe ƙullin zogale da ɗan wake. Na gwaggonki ne, ki miƙa mata da hannunki.

Sai maganar tsuntsu. Ina so ki gaya mini gaskiya. Wa ya nuna miki wurin? Kafin ki bar gida, kakarki ta taɓa yi miki zancen wannan tsuntsu? Ko wani daga cikin tsofaffin gidanmu? Ki amsa mini wannan da motar da za ta dawo. Karatu aka kai ki yi, ba tsayuwa a hanya ba.

Babanki,
Idrisa

*

Madawa, ranar Asabar, cikin watan Janairu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aikin garka. Ina gaida Inna da Kaka da yara. Gwaggo ta karɓi saƙo, ta ce a yi maka godiya, ta ce zogalen Madawa ba shi da ɗanɗano irin na gida.

Baba, babu wanda ya nuna mini. Kaka ba ta taɓa yi mini zancensa ba. Gashin nan ne kawai ya sa na ɗaga kai. Kuma ban taɓa makara ba, ka tambayi Gwaggo.

Da ka ga abin da suke yi kwanakin nan, ina jin kai ma za ka tsaya. Namijin yana hawa sama, yana hawa, har ya koma kamar ƙwayar gero. Sannan ya naɗe fukafukansa ya faɗo. Iska tana ƙara kamar ana yage ƙyalle. Sai na ce yanzu zai bugi ƙasa, sai ya buɗe ya sake tashi. Ba farauta yake ba, don babu abin da yake bi. Ita kuwa tana zaune a bisa dakali tana kallo, kamar ba da ita ake ba.

Ran nan ya kamo hasbiya. Bai sauka ba, ya riƙa zagaye shaton yana kira. Ta taso ta bi shi. Da ta zo ƙarƙashinsa sai ta juya cikinta sama, ya saki hasbiyar, ta cafe da ƙafa tun ba ta yi nisa ba. Na ji bakina ya ce wayyo. Tsoho ya yi dariya ya ce, "To, an kai kayan zance." Wani lokaci su biyun su tsaya a dakalin suna sunkuyar da kai ga juna, suna wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa kamar masu gaisuwar safe.

Ba su kawo ko tsinke ɗaya ba. Tsoho ya ce su ba sa saƙa sheƙa. Ya hau da ma'aikatan ruwa ya gani, macen ta share wuri ne kawai da ƙirjinta a cikin ƙasar da ta taru a kusurwa. Ya ce nan za ta yi ƙwai. Yanzu ba a cika ganinta ba, sai kanta kaɗan.

Baba, idan ina kallonsu ba na jin komai na ƙasa. Wata yamma Gwaggo ta biyo hanyar daga kasuwa, ta ce ta yi ta kiran sunana ban juya ba, sai da ta dafa ni. Ji nake kamar ba ni ce a tsaye ba, kamar ina can sama tare da su. Har mafarkinsu nake yi.

A lakwal an yi abin tsoro. 'Yan mata a ajin da ke jikin namu sun faɗi suna ihu, aka ce aljannu ne. Aka sallami kowa. Ni ban faɗi ba. Na je gindin shato na zauna har lokacin tashi ya yi, don kada Gwaggo ta ɗauka guduwa na yi.

Za mu fara kompozisiyon, wato jarrabawa, ƙarshen wata mai zuwa. Ka yi mini addu'a.

Ɗiyarka,
Fiddausiya

*

Gidan Manzo, cikin watan Fabrairu

Fiddausiya,

Salamu alaikum. Jikinmu lafiya. Hankalina ne ba lafiya ba.

Na jira amsarki kasuwa bayan kasuwa, shiru. Ashe motar Ɗanasabe ce ta lalace a Buza, takardar tana aljihunsa. Ana cikin haka gwaggonki ta aiko in hau tudu in kira ta. Ta ce kina tsayuwa a gindin tanki kanki a sama, idonki ba ya ƙiftawa, a kira ki ba ki ji. Ta ce a gida ba ki magana, abinci kaɗan kike ci. Ta ce ranar da ɗiyan mutane suka faɗi a lakwal, ke can aka same ki zaune ke kaɗai. Na ce mata a dakata in ji daga bakinki. Sai ga takardarki. Da hannunki kika rubuta cewa ba ke ce a tsaye ba, kina can sama tare da su, kuma suna zo miki a barci.

Yanzu zan gaya miki abin da ban so ki sani ba. Gidanmu ba su daɗe da sallah ba kamar sauran gari. Kakannina arna ne. Kowane gida na arna yana da dabbar da ya riƙa, ana ce mata kan gida. Namu wannan tsuntsu ne. Suna zama a dutsen bayan gari a wancan zamani. Ina ƙarami mahaifina ya rufe wannan ƙofa, ya hana kowa zancen. Ban san abin da suke yi masa ba, ban taɓa tambaya ba, ba na kuma son sani. Abin da na sani, tsofaffi suna cewa abin gida ba ya mantuwa da jininsa, yakan tsallake ɗa ya kama jika.

Duk faɗin Madawa, duk yaran da ke bin hanyar nan, ke kaɗai gashinsa ya sauka a kanki. Ke kaɗai kika tsaya.

Na ce gwaggonki ta kira malami ya duba ki. Da na cire albasa zan zo in ɗauke ki. Gara ki zauna kusa da innarki ba karatu da in rasa ki. Kakarki ba ta san abin da ake ciki ba, kuma ba na so ta sani. Kada ki ƙara rubuta sunan tsuntsun a takardar da za ta shigo gidan nan.

Babanki,
Idrisa

*

Madawa, ranar Laraba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ina gaida Inna. Ni jikina lafiya, sai ɗan tari da ya rage.

Malam Abdulrazak ya zo shekaranjiya bayan la'asar. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar ɗakin Gwaggo. Matan gidan da na maƙwabta suka cika ƙofa, har da yara a taga. Ya yi karatu mai tsawo, karatun ya yi mini daɗi. Sannan ya dube ni ya ce, "Wane ne kai? Faɗi sunanka."

Baba, ka san ni. Mutum biyu ma idan suka kalle ni ba na iya magana, balle ɗaki cike. Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Wata mata a ƙofa ta ce, "Mai taurin kai ne wanga." Gwaggo tana kuka tana cewa, "Mi munka yi maka? Ɗiyar mutane ce, amana ce aka ba ni." Aka kawo kasko da hayaƙi aka lulluɓe ni da zane. Na yi ta tari, hawaye suna zuba. Da aka yaye zanen na tattara duk ƙarfina na ce, "Ni ce. Fiddausiya ce." Sai matar nan ta ce, "Kun ji shi, ya ari muryarta."

Daga nan ban ƙara cewa komai ba. In na yi shiru an ce shi ne. In na yi magana an ce shi ne.

Malam ya kori matan. Ya sa na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, na karanta ba tuntuɓe. Ya ce da Gwaggo, "Ni dai ban ga komi ba. Amma ban ce babu ba. A sa ido." Ya tafi.

Baba, maganar da na rubuta, ba haka nake nufi ba. Ka tuna idan kana dasa albasa, Inna takan aiko ni da fura, in tsaya a bakin fangali in yi ta sallama ba ka ji ba, sai na zagayo gabanka. Irin wannan ne. Abincin da nake ci kaɗan kuwa, kunyar kwanon mutane nake ji. Ban tsaya a wurin ba don an kira ni. Na tsaya ne don duk garin nan can ne kaɗai ba wanda yake jiran in ce wani abu.

Amma ban rubuto don in yi gardama da kai ba. Roƙo na zo yi. Kada ka ɗauke ni. Kompozisiyon saura kwana kaɗan, na yi bitar lissafi duka, na yi ta tarihi. Idan na koma gida yanzu ba za a sake karɓata ba, ka sani. A ajinmu na gida mu biyu ne mata da muka ci jarrabawa, ɗayar ba ta zo ba.

Ga alkawarin da zan yi maka. Ba zan iya canza hanya ba, don ɗaya hanyar ta cikin tasha take bi, Gwaggo ta hana ni ita. Amma daga yau ba zan ƙara ɗaga kai ba. Ba zan tsaya kallo ba. Ba zan ƙara faɗin sunansa ba, a baki ko a takarda. Idan abin da kake tsoro ne, ai ba zan iya dainawa ba, Gwaggo za ta gani ta gaya maka, sai ka zo ka ɗauke ni, ba zan yi kuka ba. Idan kuwa na iya, ka bar ni.

Na rantse da Allah a kan wannan.

Ɗiyarka,
Fiddausiya

*

Gidan Manzo, ranar Litinin

Fiddausiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta, na sake karantawa. Ban ce a yi miki hayaƙi ba, karatu kawai na ce.

Na yarda da alkawarinki zuwa ƙarshen watan Maris. Gwaggonki za ta riƙa bin bayanki wani lokaci ba tare da kin sani ba. Idan kika ɗaga kai sau ɗaya, magana ta ƙare. Idan kin riƙe, za mu sake magana.

Ki ci abinci. Kwanon gidan Ramatu kwanon gidanmu ne.

Babanki,
Idrisa

*

Madawa, cikin watan Maris

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da zafin da ya fara. Na ji an ce kun fara cire albasa, Allah ya sa albarka. Tarin ya tafi.

Mun yi kompozisiyon. Lissafi ya yi mini sauƙi. Faransanci ne ban sani ba. Ba a ba mu sakamako ba tukuna.

Ina riƙe da alkawari. Ga yadda nake yi, don ka sani. Tun daga kwanar mai shayi nake jawo hijabina ya rufe mini goshi, in kafa idona a kan yatsun ƙafata. Ba na sauri, don kada a ce gudu nake. Wani lokaci na bisa yakan yi kuka daidai kaina. Wuyana yakan so ya ɗaga da kansa. Sai in tsaya cik, in ƙara duƙar da kai, in jira har kukan ya yi nisa, sannan in wuce. In inuwarsa ta gitta a ƙasa sai in rufe ido.

Tsoho bai gane ba. Ya ce, "Ke, munka yi faɗa ne? Ko kin ci bashin wani a sama?" Na ci gaba da tafiya. Makon jiya ya tare ni da murna, ya ce, "Sun ƙyanƙyashe! Farare tas kamar kaɗa, sun leƙo bakin dakali. Ɗaga kai mana, ga su can!" Na ce masa ina kwana, na wuce. Ya bi ni da kira har kwana.

Ina jin su, Baba. Wannan ba ya cikin alkawari, kuma ba ni da yadda zan rufe kunne. Kukansu siriri ne, ba ya yankewa, ya fi yawa da safe idan uban ya dawo. Gashin kurciya ya yi yawa a ƙasa yanzu. Ina tsallake shi, ba na takawa.

Wata yarinya a ajinmu, A'isha, ta tambaye ni sunan abin da nake kallo a da. Na ce ba na faɗi. Ta ce don me. Na ce a gidanmu ba a faɗi.

Gwaggo ta bi ni, na ga takalminta a bayana. Ta ce za ta gaya maka da kanta.

Ɗiyarka,
Fiddausiya

*

Gidan Manzo, ranar Alhamis

Fiddausiya ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Albasa ta yi kyau, mun zuba a rudu, rumbun ajiyarta.

Gwaggonki ta shaide ki. Ta ce ba ki ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, har na kasa riƙe daɗin ni kaɗai. Bayan la'asar na zauna a tsakar gida na karanta wa innarki takardarki. Na ce ai babu sunan a ciki, ba abin ɓoyo. Kakarki tana kan tabarma a gindin itacen bedi tana ɓarar wake. Kin san dai, kunnenta yana ji ne in ya ga dama.

Ina kai wurin da kika ce kina tsayawa ki duƙar da kai har kukan ya wuce, sai ta aje ƙwarya. Ta ce, "Idi, maida wurin ga." Na maimaita. Na karanta har inda kika ce a gidanmu ba a faɗi. Sai tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa. Rabon da in ji guɗarta tun ranar sunanki. Awaki suka firgita.

Ta ce, "Wa ya koya ma ɗiyar ga? Ina ta gan shi? Ya dawo ke nan!"

Na ce da kakarki, "Inna, wa ya dawo?"

Ta ce, "Kai dai ba ka san komi ba, ubanka ya rufe ma ido tun kana tsirara. Haka munka yi. Haka uwayenmu sunka yi. Ba a kallonshi, ba a kiran sunanshi. Suruki muke ce mishi. In ya yi kuka, ko tulu ke kanki sai ki tsaya ki duƙe har ya wuce. Gashinshi ba a takawa. Ni na ce da ni abin ga zai shiga rami, ashe jikata ta ɗauka."

Na ce, "To, Inna, wanda zai tsaya ya kafa masa ido fa, safe da yamma, yana kiran sunansa?"

Ta ce, "Wannan ai baƙo ne. Ɗan gari. Mi ya haɗa shi da shi? Wanda abin gida ya kama ko wuƙa ka sa mai a wuya ba ya haɗa ido da Suruki."

Na tashi na tafi garka, ba don akwai aiki ba. Na zauna a bakin rijiya har aka kira magariba.

Fiddausiya, lokacin da kike kallo, yarinya ce ke mai kallon tsuntsu. Ni na tsorata. Ni na sa kika rufe goshi, ni na sa kika duƙa, ni na cire sunan daga bakinki. Abin da mahaifina ya rufe, ni na koya miki shi ɗaya bayan ɗaya ban sani ba, har na sa ƙanwata ta bi ki ta tabbatar kina yinsa daidai. Allah ya gafarta mini.

Na warware miki alkawarin. Nauyin rantsuwar yana kaina, na tambayi liman, zan ciyar. Ga abin da nake so. Ranar da takardar nan ta same ki, ki je gindin tankin. Ki ɗaga kanki. Ki kira shi da sunansa, shaho, da ƙarfi, kamar yadda za ki ce jaki ko zakara. Halittar Allah ne, ba surukin kowa ba ne. Ba a duƙa masa.

Ba zan zo ɗaukarki ba. Ki zauna ki yi karatunki har inda Allah ya nufa.

Abu ɗaya ya rage da ban san yadda zan yi da shi ba. Kakarki tun ranar tana cikin farin ciki. Tana cin abinci, har ta taka zuwa ƙofar gida ba sanda. Ta fito da wani tsohon zanen saƙi daga ƙasan tukunyarta ta ce naki ne in kin zo hutu. Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, na kasa.

Babanki,
Idrisa

*

Madawa, cikin watan Afrilu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ina gaida Kaka gaisuwa ta musamman. Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.

An ba mu sakamako. Na wuce. Faransanci da ƙyar, lissafi ni ce ta biyu.

Takardarka ta zo da yamma, na tafi kamar yadda ka ce. Gwaggo ta ce za ta raka ni, "in ga abin da ya hana ni barci wata biyu." Da muka isa na daɗe ban iya ba. Wuyana ya saba. Gwaggo ta sa hannu a haɓata ta ɗaga.

Dakalin babu kowa. Farin kashinsu ne kawai ya zubo a jikin siminti. Tsoho ya ce sun tashi tun makon jiya. Ban ga farinsu ba, ba kuma zan gani ba.

Muna shirin juyawa sai ga kuka daga wajen antan, dogon ƙarfen nan na talho. Uwar ce tafe da abu a ƙafarta, 'ya'yanta biyu suna binta. Girmansu ya kai nata, amma su launinsu ƙasa-ƙasa ne, kuma tashinsu bai daidaita ba. Ta saki abin. Na farko ya kai ƙafa ya kuskure. Na biyu ya juya ya kama, saura kaɗan ya faɗo tare da shi. Gwaggo ta ce, "Kai! Ɗan nema!" ta riƙe mini hannu.

Na faɗi sunan. Bai fita da ƙarfi sosai ba, sai na sake. Tsoho ya saki sandarsa ya ce, "La ilaha illallahu, ashe da murya a cikin hijabin ga."

Baba, maganar Kaka. Kada ka gaya mata, kada kuma Inna ta gaya mata. Idan ta ji daga bakinka za ta ce ka sake rufe ƙofa kamar yadda aka yi mata a da. Ba zan karɓi zanen a kan ƙarya ba, kuma ba zan duƙa ba, na yi maka wannan alkawari. Amma ita kaɗai ce a gidanmu ta taɓa zama kusa da su, ko da ba ta kalla ba. Shekara da shekaru tana jin kukansu a kanta, ba ta san kamanninsu ba.

Idan na zo hutu zan zauna da ita a gindin bedi, mu biyu, ba kowa. Ban san ko za ta yi fushi ba. Ka bar ni ni in faɗa mata.

Ɗiyarka,
Fiddausiya